Dashen da na cira a bayan idon Yaya Hamsatu

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hamsatu makwancinta a bayan giginyun ƙauyenmu, can gefen Bengu. Duk shekara idan damina ta ɗauke, raɓa ta fara kwana a fadama, nakan ce bana kam zan rubuta wani abu a kanta. In ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Abin faɗa yana nan birjik. Matsalar ita ce duk ta inda na biyo da labarinta sai in tarar da kaina tsaye a tsakiyarsa, kuma ba tsayuwar kirki ba.

Yayata ce ciki ɗaya, ta girme ni da shekara takwas, a bayanta na yi wayo. Ni aka kai lakwal, makarantar boko, har na zama mushe, wato malamin makaranta, ita aka bar ta da turmi. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya ɗaya, Ramatu, da 'yan fangaloli a bakin fadama. Sana'arta gabu. Takan bi lambuna ta sayi lawashi, wato ganyen albasa, ta daka, ta dunƙula, ta shanya, ranar kasuwa ta kai Gaya inda matan Kamba da na Malanbil ke jiran ƙwaryarta. Manomi idonsa na kan abin da ke cikin ƙasa, ganye kuwa sai ya ga dama ya dube shi. Ita shekara kusan talatin ganyen ne abincinta, don haka ta san shi fiye da masu lambunan. Ta shafa shi da yatsa biyu ta gaya maka ka cika takin zamani, kuma haka ɗin ne.

Akwai ciwon ganye da ta fi tsoro. Yana farawa da ɗan tabo fari, kamar an ɗiga ruwan zafi. Kwana kaɗan tabon ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta yi launin makuba, gefensa ya yi rawaya. Daga nan ganyen ya fara bushewa daga sama, ya karye, ya kwanta. Albasar da ganyenta ya kwanta kafin lokaci ba ta girma, wadda ta girma kuma wuyanta na ruɓewa a cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, tun ba a kai ga kasuwa ba. Yaya takan ce ciwon nan ruwa ne dokinsa. Inda ganye ya kwana a jiƙe, nan yake sauka. Shi ya sa take faɗa da masu watsa ruwa da ƙwarya ta saman ganye da maraice, take hana Ramatu shiga lambu kafin raɓa ta bushe, take dasa nata da tazara har ana yi mata dariya wai tana ɓarnar ƙasa.

A wajenmu dashe ba a hana shi. Wanda bai tashi a fadama ba zai ɗauki wannan ƙaramar magana, amma doka ce da ta fi ta gwamnati ƙarfi. Kowa na yafa irinsa a ƙarshen damina, wani nasa ya tsira, wani ruwa ya kwashe, wani fara ta cinye. Wanda nasa ya yi kyau, maƙwabci ya zo ya tsuguna ya ce a taimaka masa da dashe, sai a ciro masa ba tare da an tambayi ko dala ba, domin baɗi kai ne za ka tsuguna. Ana iya hana mutum aron jaki a zauna lafiya. Wanda ya hana dashe kuwa har jikokinsa sai sun ji a bakin mutane.

Shekara biyu kafin rasuwarta ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa. Wani ruwan ƙarshe da ya sauko ya wanke irin mutane da yawa. Na Yaya, da yake a ɗan tudu ta yafa shi, ya tsira, ya yi kore shar, kowa ya wuce sai ya waiwaya. Mutane suka fara lissafin ranar da za su zo. Sai wata safiya ta ga tabon a gefe ɗaya na fangalin. Ta daina ba shi ruwa, ta kewaye shi da ƙaya, ta ce ba wanda za ta ba ko tsinke ɗaya. A bakin rijiya, gaban mata, ta faɗa da babbar murya cewa duk wanda ya dasa irin nan zai yi kuka. Yaya ba ta iya sassaka magana ba, yadda ta zo mata haka take ajiye ta.

Cikin waɗanda ta mayar hannu wofi har da Alhaji Sumana, mai lambu mafi girma a kan hanyar ruwa, kuma mahaifin matata. Ranar kasuwar Gaya Yaya ta ƙulle ganye uku a bakin zane ta tafi nuna wa malamin gona, don ta tabbatar kafin ta hallaka aikin wata biyu. Tana fita, Alhaji ya aiko kirana. Na tuɓe takalmi tun daga nesa na tsuguna.

"Mushe," ya ce, "ɗiya na ba ka ban auna ba. Yau ganyen albasa ya gagare ni gidanku?"

Na ce, "Baba, ta ce akwai ciwo."

"Ciwo mi? Ni na ga iri da idona, lahiya lau yake. Mace ta hwaɗi magana, kai mai karatu ka ɗauka?"

Wanda ya san kunyar suruki ya san inda na tsaya. Da rana tsaka, mutane na gida, na janye ƙayar na shiga. Na zaɓi gefen da babu tabo, ina gaya wa kaina ai ni na yi lakwal, na san mai ciwo da mai lafiya. Na cika kwando biyu na kai masa. Ya ce Allah ya yi albarka, na ce amin.

Da la'asar Yaya ta dawo. Ina nan ina kewaye-kewaye kusa da lambun kamar mai neman wani abu. Ta tsaya ta daɗe tana kallon gurbin.

"Isuhu, akuya ta shiga?"

Na ce wataƙila.

"Akuyar ga ta iya cira. Ko ɗaya ba ta karya ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ranar da kuma duk sauran kwanakinta. Washegari ta tuge irin gaba ɗaya, ta tara a kan karan dawa, ta sa wuta. Ɗanyen ganye hayaƙi gare shi, ya bi fadama ya lulluɓe lambuna, mutane suka fito suna kallo. Wata tsohuwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya gwammace wuta ta ci da maƙwabci ya ci ba.

Bayan mako uku tabon ya bayyana a lambun Alhaji. Shi a matse yake dasawa, ya zuba taki ba ƙaƙƙautawa, ma'aikatansa su watsa ruwa ta sama da yamma. Ciwon ya sami gida. Daga nan ya bi lambu lambu har ƙarshen fadama. Aka sayo maganin ƙwari aka yi ta fesawa, alhali ba ƙwaro ba ne, kamar a ba mai zazzaɓi maganin ƙaiƙayi. Shekarar rudu da yawa ba a ma gyara su ba, don babu abin zubawa.

Mutum in ya yi asara sai ya nemi fuskar da zai ɗora wa. Wasu suka ce hayaƙin ne ya raba ciwon. Wasu suka ce bakinta ne, ai ta faɗa a rijiya cewa za a yi kuka, ga shi an yi. Da yake lambun Alhaji ne ya fara kamuwa, sai labarin ya zauna daram: ta hana dattijo dashe, ta kuma bi shi da mugun baki. Alhaji bai ce ga inda ya samo dashensa ba, don da ya faɗa shi za a juyo wa. Ni ma ban ce ba. Ina shiga aji ina koya wa yara cewa gaskiya dokin ƙarfe ce, in fito in wuce ta ƙofar gidan yayata da sauri. An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Nono ɗaya muka sha da ita, amma ni ban ɗauko komai na halin gidanmu ba.

Abin da ya biyo baya ba duka ba ne, ba zagi a fili ba. Kawai aka daina sayar mata da lawashi. Ta doso lambu, mai lambu ya taso ya tare ta a bakin shinge, ya ce an riga an yi alkawarinsa. Matan da ke zuwa taya ta daka suka ɗauke ƙafa. Mai gabu da ba ta da ganye ta zama mai turmi kawai. Sai ta koma tafiya har wajen Yelu, inda ba a san labarin ba, ta ɗauko lawashi a ka da a bayan kabu-kabu, ta iso rabinsa ya yi yaushi. Na ga yadda wuyanta ya rame. Nakan aika mata da hatsi, ta karɓa ta aiko da godiya, godiyar nan ta fi mari zafi. Damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, muka kawo ta gidan likita nan Gaya. Kwana huɗu ina zaune a gefen gadonta, mu biyu sau da yawa. Na tsara maganar a raina ya fi sau ɗari. Rana ta biyar da hantsi ta cika, ban faɗa ba.

Yanzu na yi ritaya, ina zaune Gaya, amma nakan je ƙauye. Fadamar ta sake. Inda ake jan ruwa da guga yanzu injin ne ke ruri, wasu har da faranti mai aiki da hasken rana. 'Yan furoje, masu aikin raya noma, sun zo sun tara manoma a ƙarƙashin mangwaro, sun koya musu a ba da ruwa da safe ta gindi, a bar tazara don iska ta ratsa, a tuge mai tabo a ƙone, kada a bar tsohon ganye ya ruɓe a fangali, kada a maimaita albasa wuri ɗaya shekara bayan shekara, a bari wuya ya bushe sarai kafin a kai rudu. Na zauna a irin wannan taro sau ɗaya. Mutumin da ya fara tare Yaya a bakin shinge yana gaba yana gyaɗa kai, har ya ce wa na kusa da shi ai ilimi daɗi gare shi. Na tashi na fita.

Da tana nan me za ta ce? Ina jin injin zai burge ta, don bayanta ya sha wahalar guga. Amma za ta yi tsaki idan ta ga kwalaben magani marasa takarda da ake bazawa a kasuwa, an ƙetaro da su ta ruwa, mai sayarwa bai san na mene ne ba, mai saye bai tambaya ba. Za ta yi faɗa idan ta ga samari da pompo a baya suna fesa wa ganyen da ya riga ya kwanta, babu ko ƙyalle a hanci, kuma wannan ganyen ne gobe za a daka a yi gabu a zuba a miyar yara. Tana cewa magani kafin tabo ya yi yawa ake sa shi, in ya wuce nan kuɗinka kake wanke ƙasa da su. Game da dashe kuwa, yau mutum na iya cewa nawa akwai ciwo, a ce masa madalla da ka faɗa. Ita ce ta fara faɗa, ita ce ta biya.

Na taɓa tambayar wani malamin gona, a kaikaice, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce a shekara mai raɓa irin waccan iska kaɗai na iya kawo ciwon, ko da ba a ɗauki dashe ba. Mai yiwuwa haka ne. Na rayu da wannan magana shekaru, ina lulluɓa da ita. Sai dai ko iska ce ta kawo ciwon, ba iska ce ta ji ana kiran yayata mai mugun baki ta yi shiru ba.

Watan jiya na je wurin Ramatu. Tana aure a Bana, tana kuma yin gabu kamar uwarta. Na tarar da ita tana daka, na zauna na faɗa mata komai, na ce zan rubuta a jarida don sunan Yaya ya wanku. Ba ta ajiye taɓarya ba sai da na gama.

"Kawu, rubuta," ta ce. "Amma matan da suka janye tabarma in Inna ta zo biki, wace ce cikinsu ta iya karatu? Bakin masallaci anka ɓata ta. In gyara kake so, can za ka tahi, ran Juma'a, ka hwaɗi da bakinka."

Idan na auna abin da ya saura na Yaya Hamsatu, hannunta na nan a hannun 'yarta, kuma duk ƙarshen damina ana ganin hayaƙin iri mai ciwo na tashi a fadama ba wanda ke zagin kowa. Sunanta ne bai tashi ba. A ƙauyenmu har yau idan mace ta cika faɗin abin da ba a so, sai a ce kada ki zame mana Hamsatu. Ban da Ramatu, ni kaɗai da tsoho ɗaya muka san inda gyaran yake.

Juma'a biyu ke nan ina hawa mota ina zuwa masallacin ƙauyen. Liman ya sallame, jama'a su fara miƙewa. Sai a taso da Alhaji Sumana daga sahun gaba, idonsa ya tafi, ana riƙe da hannunsa. Ƙafafuna su kai ni gabansa, in tsuguna, in ce Baba ina wuni. Ya shafa kaina ya ce Allah ya yi albarka. In ce amin, in nemi takalmina.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta. Wannan rubutu shi ne iyakar ƙarfin halina zuwa yau, kuma Ramatu ta riga ta gaya mini darajarsa.