Tabon Saniya a Jikin Ƙwarya

Jiya a hanyar garin Isa motarmu ta tsaya shanu su wuce, sai na ga wata farar saniya mai baƙin tabo a kafaɗa. Nan take na ji ƙaurin ƙwarya a hancina, na tuna kakata.

Zanen ƙwarya take yi da wuƙa mai zafi, kuma ba ta zana abin da ba ta zauna ta kalla ba. Wata rana ƙawarta mai kawo mana nono ta zo ido jawur. Za a kai saniyarta kasuwar Sabon Birni, ita kuwa tana son wani abu na saniyar ya rage a hannunta.

"Tashi, angona," in ji Kaka, "za ni ruga, ka raka ni."

Saniyar ba ta ba mu haɗin kai ba. Kaka na duban baƙin tabon da ke kafaɗarta, ita tana juya mata baya. Da Kaka ta zagayo, sai saniyar ta cafke bakin zanenta tana tauna.

"Saki, marar kunya! Mi na yi miki?"

Ni da ba na iya dariya gaban mutane, sai da na zauna ƙasa.

Da la'asar Kaka ta miƙa wa ƙawarta ƙwaryar da ta zana, da ɗuminta. Babu ƙaho, babu ƙafa, tabon kaɗai ne. Matar ta bi shi da yatsa, ta kira sunan saniyar a hankali. Daga turke saniyar ta ɗago kai ta amsa, matar ta fashe da dariya, ta rungume ƙwaryar.

Allah ya sanyaya makwancin Kaka, ya nuna wa idonta abin da ya fi wannan kyau.