Zaɓen Masara, Gyaɗa da Wake

A shekarun baya, lokacin ina sabon malami a sashen kwamfuta na wata babbar makaranta a Mubi, na kwashe shekara uku ina fama da takarda ɗaya. Bincike ne a kan lissafin zaɓe: wace hanyar ƙirga ƙuri'a ce mai sauƙi, wacce ce kuma ko kwamfuta sai ta jigata kafin ta gano yadda za a murɗe ta. Sau biyu ana dawo mini da ita. Ranar da saƙo ya shigo cewa wata mujalla ta karɓa, ina ɗakina a Lokuwa, sai da na yi tsalle na buge fanka. Ban tsaya cin abinci ba, na tari keke sai Mugulbu, don mahaifiyata ta fara ji.

Na tarar da ita zaune a bakin murhu, kaskon ƙosanta a kife. Matar da ko zazzaɓi ba ya hana ta suya. Na zuba mata labarina kaf, ta ce, “To, mun gode Allah,” kamar na ce mata an kawo wuta.

Da kyar ta gaya mini abin da ya faru. Ita ce shugabar ƙungiyar mata manoma ta unguwarsu, su ashirin da ɗaya, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, suna da gona guda da suke nomawa tare. A shekarar ra'ayi ya rabu kan abin da za a shuka: masara, gyaɗa ko wake. Yadda suka saba, biyu-biyu ake karawa, kowace mace ta jefa tsakuwa a ƙwarya. An kara masara da gyaɗa, masara ta ci. Aka kara masara da wake, wake ya ci. Har an tashi, sai wata ta ce ai gyaɗa ba ta haɗu da wake ba. Aka gwada, gyaɗa ta kayar da wake warwas. Nan surutu ya tashi, wai mahaifiyata ta shirya abin ne don ta samu waken ƙosai. Wadda ta fara furta kalmar maguɗi kuwa ƙawarta ce ta shekara talatin, wata Bafulatana da nake kira Goggo. Kwana huɗu ke nan ba su gaisa ba.

Ɗan kirki da ya ji wannan zai tausaya. Ni kuwa miƙewa na yi ina tafa hannu.

“Mama, wannan ai shi ne shafin farko na takardata! Zaɓe mai zagaye!”

Ta dube ni sama da ƙasa. “An ce uwarka ɓarauniya, kai kana rawa?”

Na roƙe ta ta kira taro. Ranar Asabar suka hallara a gindin mangwaro, ni kuma na zo da kwamfuta a hammata da farar riga, ina ji da kaina. Na tambayi kowace mace abin da ta fi so, da na biyu, da na uku. Abin ya fito tsaf kamar ni na tsara shi. Bakwai sun fi son masara, sai gyaɗa, sai wake. Bakwai gyaɗa, sai wake, sai masara. Bakwai kuma wake, sai masara, sai gyaɗa.

Na ce, “Iyayena, ku faɗi wanda kuke so ya ci, zan sa ya ci, ba tare da kowa ta canza ra'ayi ba.”

Suka ce masara. Na fara kara gyaɗa da wake, na ajiye masara a ƙarshe, ta ci. Suka ce gyaɗa. Na ajiye ta a ƙarshe, ita ma ta ci. Wurin ya kaure da shewa, wata tsohuwa har tana leƙa ƙwaryar ko na sa wani abu a ciki. Na yi bayani da ƙarfin murya cewa duk wanda aka bari a ƙarshe shi ke ci, don haka babu wadda ta taɓa tsakuwar kowa. Ina jiran tafi.

Goggo ta gyara mayafi ta ce, “Useko, mun gode, ɗana, ka buɗe mana ido. Ashe wanda ya jera, shi ne ya zaɓa. To waye ya sa wake a ƙarshe? Ba mamanka ba?”

Na zo wanke mahaifiyata, sai ga shi na miƙa musu hujjar da ba su da ita, kuma da ilimin jami'a. Na buɗe kwamfuta na rufe.

Mahaifiyata ce ta miƙe, a hankali, tana dafa gwiwa. Ba ni ta kalla ba, ƙawarta ta kalla.

“Ke, in ruwa ya sauka, mene muke fara sa a ƙasa?”

“Masara.”

“Sai?”

“Gyaɗa.”

“Wake fa?”

Goggo ta ce, “Wake sai damina ya yi nisa.”

“To haka na jera su. Haka uwata yake jerawa, haka ke ma kike jerawa. Wannan lissafin na yaron nan, yau na fara jin shi, kamar ke.”

Wata daga baya ta gwada a bakinta, masara, gyaɗa, wake, sai ta fashe da dariya, saura suka bi. Babu wadda ta taɓa faɗarsu a wani jeri dabam. Goggo ta rufe fuska da mayafi, sannan ta taka ta kama hannun mahaifiyata biyu. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga mahaifiyata tana share ido da bakin zani.

Ganin gari ya yi kyau, sai na sake samun baki. Na ba su shawarar wata hanya da na ce takardata ta nuna ko kwamfuta sai ta sha wuya kafin ta murɗe ta. Goggo ta ce, “Kwamfuta bai san mu ba. Ni na san cikin kowa a nan, ka ba ni zuwa la'asar, in murɗe shi.” Gaskiya ta faɗa, wahalar da na rubuta sai abin zaɓa ya yi yawa take aiki. A kan uku, ko Goggo ta isa. A ƙarshe suka yar da shawarata, suka shuka masara, suka bi tsakaninta da wake, gyaɗa kuma aka ba ta gefen yashi.

Na rubuta wasu takardun bayan wannan, amma har yau in na zauna rubutu ina tuna cewa lambobin nan mutane ne, kuma wanda ya tsara jeri ba lallai ne yana da wata manufa ba. Farin cikin ranar ma bai gama sakina ba, don na ga abin da nake karantawa a littafi yana zaune a gindin mangwaro da zani da ɗankwali.

Washegarin taron da safe ƙarar mai a kasko ce ta tashe ni. Na fito na ga Goggo a kan kujerarta ta da, tana juya ƙosai. Mahaifiyata ta miƙo mini nawa, ta ce, “Wannan takardar taka da suka karɓa, kawo mini ɗaya.” Ba ta iya karanta Turanci ba. Tana nan har yau a cikin Littafinta Mai Tsarki, a ninke huɗu, da ɗigon mai a shafin farko.