Kwanon Ruwan Inna da Tsohuwar Jif ɗin Gidanmu

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa, amma daminar da Inna ta yi wa motar gidanmu yaji, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Motar tsohuwar jif ce ta yayana, irin wadda ke ɗagawa ta sauka da kanta in an danna maɓalli, domin mai ne ke riƙe da ita. A da, in ta biyo lungunan unguwarmu, Kusfa, sai ka ce a kan katifa kake. Sannu a hankali ta sauya hali, kowane ɗan dutse sai ka ji shi a haƙoranka. Inna kuwa tana fama da ciwon baya. Ran da muka dawo da ita daga asibiti, da ƙyar aka fito da ita. Ta ce, "Na gama da wannan jakin naku."

Ba a jima ba saƙo ya zo daga ƙauye cewa yayar Inna, wadda ta goye ta tana jaririya, ta kwanta ciwo, kuma Inna take ta kira. Ruwa ya cinye hanyar, ƙaramar mota ba ta shiga. Jif ɗin ce kaɗai, ga shi likita ya gargaɗe mu kan jijjiga.

Sai muka yi dabarar da muka sani. Yayana ya ce motar nauyi take so, kamar akori-kura. Muka jibga mata buhunan masara, muka rage iskar taya. Ni da na fi sanin alƙalami da tawada, addu'a ce gudummawata. Mota ta ƙara taurin kai.

Haka muka kai ta wurin wani makanike Bakano a wajen Ƙofar Kuyambana. Da ya leƙa baya sai ya fashe da dariya.

"Zage-zagi ke nan! Mota ba lafiya, kun kawo mata hatsin dubiya?"

Yayana ya ce, "Hatsin naka ne. Ai Bakano ba ya motsi sai ya ga abin sayarwa."

Ya sa aka sauke masarar, ya buɗe bonet, ya nuna mini wani ɗan tankin mai. "Malam, zuba ido nan." Ya saukar da motar ƙasa, ya ɗaga ta sama. Man ya ɗan motsa kaɗan, kuma ya yi baƙi ƙirin. Ya ce a lafiyayyar mota yakan yi ƙasa sosai. Sannan ya nuna mana wasu ƙwallayen ƙarfe, ɗaya kusa da kowace taya. Ya ce iskar gas ce a cikinsu, ita ke shanye duka. Yanzu ta tsiyaye, mai ya cike gurbinta, shi kuwa mai ba ya matsuwa.

Ya ce sai daga Kano za a samo sababbi. "Kun gani? Ko motarku sai mun cece ta," in ji shi. Mun yi dariya, amma kwanakin jiran nan sun yi mana tsawo. Wayar yayana na ƙara, sai mu ɗauka labarin rasuwa ne daga ƙauye.

Da kayan suka iso, ya ɗaura su, ya zubar da tsohon man, ya zuba irin nata, ya bi taya-taya yana fitar da iskar da ta maƙale a bututu.

Inna ba ta yarda da bakinmu ba. Ta cika kwanon sha da ruwa ta miƙo mini. "Zauna inda zan zauna, ku je ƙofar gari ku dawo. In rigarka ta jiƙe, ku nemo mini amalanke." Na rungume kwanon nan ina salati. Muka faɗa ramin bakin masallacinmu, ruwan ya yi rawa ya koma. Da muka dawo ta shafa rigata, ta ce a miƙo mata mayafinta.

Bayan la'asar muka isa ƙauyen. Tsohuwar ta buɗe ido ta ce, "Auta, kin iso?" Suka riƙe hannun juna har magariba. Yayar tata ba ta kai kaka ba, Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Inna.

Tun daga ranar na koyi cewa duk abin da ya taurare, mota ce ko mutum, ba ƙarin kaya yake bukata ba. A nemi inda taushinsa ya tsiyaye, a mayar masa tun da sauran lokaci.