Gansakukar Ruwan Kanwa

Har yau in na tuna abin da na faɗa wa Habboba raina yana ɓaci, kuma rabin ɓacin a kaina yake.

A bayan kasuwar Gadarif, a ƙasar Sudan, muka tashi. In an gama yankan riɗi, maza sun dawo daga gonakin yankin Simsim, Habboba, kakata ta wajen uba, takan hura wuta da karan dawa bayan magariba ta ɗora jabana, butar dafa gahawa, mu jikoki mu kewaye ta. Sai ta ce, "Ku matso, ga wata ta taso daga yamma da ƙafa." Sunanta aka sa mini, don haka jikin gwiwarta ne wurina.

Labarin da na fi so shi ne na Ta-Rana. Ayarin mahajjata ne guzuri ya ƙare musu a ƙasar Kanem, kusa da tafkin Chadi, har yara suka daina kuka don ba su da ƙarfin yi. Ta-Rana, wata mata a ayarin, ta fita neman ruwa, ta tarar da matan ƙasar tsaye cikin wani tafki mai ruwan kanwa, suna yaɗe koriyar gansakuka da ƙwarya, suna zubawa a ramin yashi, rana ta busar da ita kamar waina. Suka ba ta. Madugu ya hana, ya ce mai niyyar Makka ba ya cin ƙazantar ruwa. Ta yi kamar ta ji, ta juya ta marmashe ta a miya. Cikin kwanaki yaran suka miƙe, shi kuwa madugu yana neman ƙari yana yaba hannunta. Nan Habboba takan yi dariya har ta share hawaye, sannan ta ja kunnena.

"Amma takwara, ta ruwan kanwa ake ci. Ta hafir ɗin nan, kududdufin da muke ɗiban ruwa, in akuya ta sha da yawa mutuwa take."

Ina aji biyar ustazun kimiyya ya zana gansakuka a allo. Na ɗaga hannu da murna na ce akwai wadda ake ci, kakata ta sani. Ya dube ni ya ce da Larabci, ashe shi ya sa Fallata, wato mu 'yan asalin yamma, ba sa tsoron fari, abincinsu yana kan kududdufi. Ajin ya ɗauka da dariya. Babban mutum, da alli a hannu, ya rasa wanda zai gwada wa iliminsa sai yarinya.

Da yammar ranar Habboba tana buɗe baki na katse ta a gaban kowa. Na ce labarinta ƙarya ne, ta ja mana abin kunya, mu ba maciya datti ba ne. Na zaci za ta yi faɗa. Ta tsiyaya gahawarta kawai ta ce, "To takwara, an bar shi." Ta ci gaba da wasu labaran, amma wannan ba ta ƙara ba har ta rasu.

Bayan sadakar bakwai ɗinta babana ya gaya mini Ta-Rana mahaifiyar Habboba ce. Habboba kanta tana cikin yaran. Ƙanenta kuwa an binne shi a hanya kafin su kai tafkin.

A jami'a a Khartoum na ga abin da idona. Na leƙa madubin ƙara girma, ga su nan, zare-zare koraye a murɗe, ƙanana ƙwarai, masu rai, suna haɗa abincinsu da hasken rana. Malaminmu ya ce in an busar da irin wannan ta fi nama sinadarin gina jiki. Ana nomanta a kamfanoni cikin tafkuna marasa zurfi, har gishiri irin kanwa ake zuba wa ruwan. Ana yin ƙwayoyin ƙarin lafiya da ita, da abincin kifi, da launin alewa, wasu iri ma ana ƙoƙarin tatsar man mota daga jikinsu. Ya kuma ce ta ruwan daɗi wata tana da dafi. A littafin akwai hoton matan Kanem da ƙorensu. Ba wanda ya yi dariya. Kowa rubutawa yake, ni kuwa maganar ustazun aji biyar nake tunawa da haushi.

Da na dawo hutu na nemi gidan ustazun da littafin a hammata. Na tarar ya tsufa. Na tuna masa, ya ce wallahi bai tuna ba, ya sa a kawo mini shayi. Ban sha ba.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shi ya yi maganarsa ya manta kafin a tashi makaranta, ni na ɗauko ta har gida na toshe bakin tsohuwa da ita. A da na ɗauka darasin labarin shi ne kada a raina abinci. Yanzu na gane tarihin yunwarta take ba mu, ta sa masa dariya don mu iya haɗiyewa. Ta san launin da ake nema a ruwan, ta san sunan tafkin, ta san inda aka tsaya aka haƙa kabari. Ina koyar da ɗalibai sunan wannan halitta da Latinanci, amma sunan ƙanen kakata ban sani ba, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.