Jinin da na ɗiba a hannun Inna

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar shiga aikin bincike, na kusa zama wadda garinmu zai riƙa nunawa da baki har ƙarshen rayuwata. Yau dai na ce bari in ba ku labarin, tunda kowa ya riga ya huce.

Aikina shi ne nazarin garkuwar jiki, wato yadda jikin mutum yake gane cuta ya yaƙe ta. Ni da abokan aikina a kan masassarar cizon sauro muka tsaya. Tambayarmu ɗaya ce: me ya sa take kayar da yaro har ta kai shi kushewa, amma babban da ya tashi a ƙauye sai ta ɗan taɓa shi ta wuce? In mun gano abin da ke cikin jinin manya, wataƙila a koya wa jikin yara shi ta hanyar riga-kafi. A gida kuwa ba wanda ya fahimci wannan. Mahaifiyata takan ce wa maƙwabta, "Lokotoro ce, amma ba ta duba marar lahiya, sauro take kiwo." Ban taɓa iya ƙaryata ta ba, don da gaske muna da ɗakin sauro a labo, wato wurin da muke bincike.

Da aka ba mu izinin ɗibar jinin manya a yankin Mayahi, sai na zaɓi ƙauyenmu da ke kusa da Kanan-Bakashe. Na ce ai gida ne, wa zai ƙi ni? Lokacin kaka ce, ana yankan gero, sauro kuma ya yi ƙiba. Maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa, na miƙe na zuba bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, ina jin kaina. Har na ce musu, "Ku manya masassara ba ta cika kada ku ba, shi ya sa muke son ɗan kaɗan daga jininku." 

Da na gama, kawuna, wan mahaifiyata, shi ya fara magana. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba a kanmu. Ya ce, "Ɗiyata, mun ji. Amma jini ba hura ba ne da za a ce a sam mani. In kun tahi da shi, mi za ku yi da shi, kuma wa ya gani?"

Na sake bayani, ba wanda ya motsa. Ina cikin tattara kunyata sai ga Inna ta fito daga cikin mata, hannunta duk ƙaiƙayi don daga sussuka take. Ta zauna a kan benci, ta naɗe hannun riga, ta ce, "Ni na haife ta. In sayarwa za ta yi, ta fara da nawa." Mata suka yi dariya, sannan suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, maza kaɗan ma suka shigo layi. Kawu dai ya kaɗe rigarsa ya tafi. Duk wanda muka ɗibi jininsa sai mun gwada ko yana da ƙwayar cutar, na Inna kuwa bai nuna komai ba.

Ba a rufa mako ba, ina Mayahi muna shirya kwalaben da za a tura, wana ya kira ni. Bai ko tsaya gaisuwa ba. "Ki taho yanzu, Inna ta kwanta."

Na hau kabu-kabu, rairayi na kama ƙafar babur, ni kuwa ji nake kamar in sauka in ruga. Da na isa, zaure cike da mutane, amma gaisuwata da ƙyar aka amsa. Na tarar da Inna a kan tabarma, jikinta kamar garwashi, ta yi amai har ta gaji, tana kiran sunan mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Na ce, "Inna, ni ce." Ta dube ni kamar baƙuwa. A bayana na ji wata tsohuwa tana cewa a hankali, "Tun ranar da aka zuƙe mata jini ba ta sake daidai ba."

Na ce a ɗauke ta mu tafi likita, wato asibiti, a gwada ta. Kawu ya tare ƙofar ɗaki. "Da mi ake gwajin?"

Na san inda ya dosa. Na ce, "Ɗigon jini ne, Kawu, a ɗan yatsa."

Ya ce, "Kin ɗebi na hwarko ta kwanta, yanzu sauran za ki je ki ƙarasa? Ƙanwata ce kahin ta zama uwarki."

Wallahi ban ga laifinsa ba ko a lokacin, don idonsa cike yake da hawaye. Duk karatuna ya tsere, na tsaya ina kuka kamar ƴar lakwal da aka kora daga aji. Wana ne ya cece mu, shi da ko gardama ba ya yi. Ya durƙusa gaban Kawu ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. In ta cika a nan ba mu yi komi ba, ni ba zan yahe wa kaina ba. Ka taho mu tahi tare, komi za a yi a gabanka za a yi shi." Sai Kawu ya matsa daga ƙofar. Aka ɗaura wa sa amalanke, muka shimfiɗa ta, na riƙe kanta a cinyata, Kawu yana biye da mu a ƙasa da carbi a hannu.

Manjo, wato babban ma'aikacin likitar, ya soki yatsanta a gaban Kawu, ya ɗiga jinin a kan ɗan abin gwajin. Ba a jima ba layi biyu suka fito. Ya ce, "Palu ne, ciwon cizon sauro, kuma ya yi ƙarfi. Da kun ƙara jinkiri da magana ta canza." Nan take aka yi mata allura, aka ɗaura mata ƙarin ruwa.

Sai a lokacin kaina ya dawo aiki. Ƙwayar nan in sauro ya zuba ta, hanta take fara shiga ta ɓuya, gwaji ba ya ganinta sai ta fito cikin jini. Ke nan ranar da Inna ta zauna a bencin nan, cutar tana jikinta. Kuma ta yi shekaru a arewa wajen ƙanwata, inda sauro bai da yawa, bara-waccan ta dawo, garkuwar da ta tara tun ƙuruciya ta yi sanyi. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan, amma ban taɓa kawo shi a kan uwata ba.

Zaman jiran nan ba na fatan shi ga kowa. Ina tsoron rasa Inna, ina kuma tsoron abin da zai biyo baya, don na san in ta tafi, ba uwar da za ta sake yarda a soki yatsan ɗanta a yankin nan, balle wata riga-kafi. Ni da Kawu muna zaune a benci ɗaya, yana ta jan carbinsa.

Da hantsin rana ta uku ta buɗe ido sosai. Ta dube ni, ta dubi wana, ta ce, "Ku duka kuna nan? To wa ya ba awakina ruwa?" Wana ya fashe da dariya yana share ido. Ni kuwa na zauna a ƙasa dirshan. Kawu ya fita waje, muka jiyo shi yana ta hamdala.

Da ta ji abin da ake faɗa a gari, ranta ya ɓaci. Ranar kasuwa ta ce sai an kai ta, muka hana, ta ƙi. Ta zauna a rumfar da take sayar da daddawa, duk wanda ya zo yi mata sannu sai ta ce, "Sauro ne ya kada ni, ba ɗiyata ba. Wanda bai yarda ba ya tambayi yayana, a gabanai aka gwada." Kawu kuma, Allah ya saka masa, bai ɓoye ba. Kafin mu tattara kayanmu ya zo da kansa ya zauna a bencin ɗibar jini, ya miƙo hannu, ya kau da kai can gefe ya runtse ido. Ashe dattijon nan tun yana yaro allura yake tsoro.

Abin da muka bi a binciken nan bai zama riga-kafi ba. Haka aikin yake, sai ka shekara kana haƙa ka tarar ba ruwa, na bayanka ya san inda ba zai haƙa ba. Riga-kafin da aka fara yi wa yara yanzu daga hannun wasu ta fito, kuma na yi murna da ita kamar tawa. Har yau ina labo, ina nema.

Abin da ya canza shi ne yadda nake shiga gari. Ba na fara buɗe akwati sai na zauna an tambaye ni duk abin da ake so, kuma mai tambaya mai zafi shi nake fara ba kujera, don na gane yawanci ba ƙiyayya ba ce, wani nasa yake karewa. Ina kuma faɗa musu tun farko cewa babba ma yana kwantawa, in jiki ya yi zafi a tafi likita ba jira.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, tana faɗa da jikoki a kan shiga gidan sauro. Wani lokaci ina tsakiyar aiki sai in tuna amalanken nan da zafin kanta a cinyata, sai in ajiye komai in kira ta. Takan ɗauka ta ce, "Lahiya?" In ce lafiya lau, muryarki kawai nake son ji. Sai ta ce, "To kin ji ta. Koma wajen sauronki."