Kwat ɗin Darlene

Yayata Darlene direbar motar asibiti ce a Ohio. Shekara da shekaru tana neman gurbi a makarantar likitocin da ke haɗa magani da gyaran ƙashi da hannu, har kwat ɗin da ta saya don intabiyu ya fara matse ta.

Bana ma ta dawo daga intabiyu ƙafafu a kumbure, ta tarar da Baba kwance a ƙasa, bayansa ya riƙe.

"Likita, zo ki danna min nan."

"Haba Baba, ba su ɗauke ni ba tukuna."

"Su suka sani. Ni bayana ba zai jira su ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta cire takalmi, ta durƙusa da kwat ɗin a jikinta.