Hular Brimah da Kwamfuta ta Sha Bakwai

Brimah ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a jami'a, amma bai taɓa zama a aji a matsayin ɗalibi ba. A Zongo Farfesa muke ce masa don tsokana, shi kuma ya ce i, farfesan goge-goge. Shi ne mai kula da ɗakin kwamfutoci na sashen da ake koya wa yara rubuta manhaja. Ya buɗe, ya kunna, ya gyara wadda ta lalace, ya kulle. Ni Sanni, aikin wayar mota nake yi a Magazin, unguwar makanikai, kuma tare muka tashi da shi a layi ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Mutum ne mai taurin kai a kan abu ɗaya: kada a fifita wani yaro a kan wani. Ɗakinsa kwamfuta arba'in ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A da, ranar jarrabawa, masu ƙarfin ƙafa da masu sanayya su ke kame masu kyau, a bar wa salihai ragowar. Brimah ya ga abin bai yi masa ba. Ya tara marufan kwalbar lemo guda arba'in, ya rubuta lamba a cikin kowanne, ya riƙa zuba su a hularsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, kowane ɗalibi ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Lambar da ka ciro, nan za ka zauna, ko ɗan wane ne kai. Malamai suka yi dariya da farko, daga baya abin ya zama doka.

Matsalar ita ce ta sha bakwai. Wannan kwamfutar takan yi sati lafiya lau, rana ɗaya sai ta sandare, ba gaba ba baya. Ya rubuta takarda a sauya ta ya fi a ƙirga. Amsar ɗaya ce kullum: ana dubawa. Cire ta kuwa ba ya yiwuwa, don ɗalibai arba'in ake shigarwa a lokaci guda.

Brimah bai haihu ba. Abin da Allah ya ba shi a madadin ɗa shi ne Zuleha, 'yar ƙanwarsa Azaratu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Dichemso. Shi ya fara ɗora yatsun yarinyar a kan kwamfuta, kuma ranar da ta sami gurbi a sashensa har kuka ya yi a gabana, gandamemen mutum da shi. A shekararta ta biyu zazzaɓin taifot ya kwantar da ita, makinta ya yi ƙasa, aka ba ta gargaɗi: in ta sake faɗuwa ko darasi ɗaya ne, zamanta ya ƙare.

Da safen jarrabawar, Azaratu ta tare shi a ƙofar gida.

"Yaya, ka san halin da ake ciki. Ka ba ta kwamfuta mai kyau, I beg. Ba satar amsa na ce ka yi mata ba."

"Hula ce ke rabawa, ba ni ba," in ji shi.

"Hular a kan wa take?"

Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Zuleha ta sa hannu, ta ciro sha bakwai. An yi awa ɗaya ana rubutu sai na'urar ta sandare. Kafin Brimah ya farfaɗo da ita minti ashirin da biyar sun tafi, rabin abin da ta rubuta ya bi su. Mai sa ido ya ce ba shi da ikon ƙara wa kowa lokaci. Maki uku suka hana ta tsallakewa.

Brimah ya rubuta wa kwamitin jarrabawa bayani dalla-dalla, da minti da daƙiƙa. Sai wani a cikinsu ya tambaya, ashe ba kawunta ba ne? Shi ke nan, aka ce shaidar ɗan'uwa ba ta da nauyi. Mutumin da ya ƙi taimakon jininsa don kada a ce ya yi son kai, shi aka kalla aka ce yana son kai. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara ta zagayo, na'urar ta yi wa wani yaro daga Bantama irin wannan, Brimah ya rubuta bayani iri ɗaya, aka karɓa nan take. Aka sauya ta, aka kafa dokar mayar wa ɗalibi duk mintin da na'ura ta ci masa. Zuleha a lokacin ta riga ta kwashe kayanta.

Azaratu ba ta sake taka ɗakinsa ba. Shekara shida, ko abincin Salla ba ta aika masa. Ni ma ban raga masa ba. Na ce masa gaskiyarsa ta yi yawa har ta zama rashin tausayi, na ce marufin kwalba ya fi masa 'yar ƙanwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sanni, bari kawai." Na ɗauka girman kai ne. Ita Zuleha ta dawo Magazin, tana jona kwamfuta a jikin motoci ta gaya mana inda ciwon yake, kuma duk layinmu ba wanda ya kama ƙafarta. In ta haɗu da kawunta takan gaishe shi da ladabi, ya amsa, kowa ya wuce.

Bara ciwon hawan jini ya ɗauke shi. Bayan addu'ar uku ana raba 'yan kayansa, Zuleha ta ce ita hular kawai take so. Ta same ni a kan benci a waje, tana juya ta a hannu.

"Baba Sanni, ka san marufin sha bakwai a lanƙwashe yake? Wofa, kawuna, ya san shi ko ido rufe."

Na ce ban sani ba.

"Ranar nan mu takwas muka rage a layi. Da na sa hannu, na ji yatsansa ta ƙarƙashin hular ya danne marufi ɗaya, don kada in ɗauka. Na ɗago na kalle shi, shi kuma ya kalli yara bakwai da ke bayana. Sai ya saki, ya girgiza hular."

Shekara shida ina zaginsa da rashin zuciya, ashe zuciyar ce ya danne a gaban yarinyar, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Kin yafe masa?" na tambaye ta.

"Tun kafin in fita daga ɗakin. Da ya riƙe, wani a cikinsu zai ɗauka, shi ma yana da uwa a gida." Ta goge ido da gefen mayafinta. "Amma ban taɓa gaya masa ba, Baba. Ina ta jira ya tambaye ni."